Yadda ake farfaɗo da tsohuwar Marsandi Kompressor a Kano kafin a ƙara mata ƙarfi

Yawancin masu tsohuwar Marsandi mai rubutun Kompressor a baya, idan suka shiga gareji suna cewa a ƙara wa motarsu ƙarfi, ƙarfin da ya riga ya zube a hanya suke cigiya. Motar da ta baro masana'anta da ƙarfin doki 163, bayan shekara ashirin da kilomita dubu 250, da wuya a same su cif. Wani ya tsere ta tiyon da ya tsage, wani ta fulogin da ya cinye, wani kuwa kwamfutar motar ce ta janye shi da gangan don iskar da injin ke shaƙa ta yi zafi. Shi ya sa na jera wannan bayani bisa yadda ya kamata kuɗi ya fita daga aljihunka: abin da za ka fara biya, abin da za ka jinkirta, da abin da za ka ƙi ko da kyauta aka ba ka.

Na gina shi a kan C180, C200 da C230 Kompressor ƙirar W203, wadda aka yi daga 2000 zuwa 2007, da yayarsu E200 ƙirar W211, don su ne suka fi yawa a titunanmu. Daga 2002 duk injin M271 suke ɗauke da shi, mai lita 1.8 da silinda huɗu: doki 143 a C180, 163 a C200, 192 a C230. Na kafin nan M111 ne, mai lita 2.0 ko 2.3. Mai Range Rover Sport ko Jaguar mai sufacaja ma zai tsinci abinsa a ciki.

Sufacajar kanta, wadda Marsandi ke kira Kompressor, zugazugin maƙeri ce. Bel ne ke juya ta daga karanshaf, wasu murɗaɗɗun ƙarafa biyu a cikinta suna cusa wa inji iska fiye da abin da zai iya zuƙa da kansa, kwamfuta ta ƙara fetur daidai da iskar, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Kamfanin Eaton na Amurka ne ya ƙera ta waɗannan motoci. Bambancinta da tabo shi ne ba ta jiran hayaƙin salansa, kana taka totur take amsawa. Amma iskar da aka matsa zafi take yi, shi ya sa ake bi da ita ta lagireton iska a gaban mota kafin ta shiga inji. Ka riƙe wannan, domin a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ke shiga ko'ina daga Disamba zuwa Fabrairu, kusan duk ciwon motar nan yana komawa ga zafi ko ƙura.

Kafin a ɗauki sifana

Kada ka yarda da maleji. Idan motar daga Amurka ta zo, da mil take ƙirga, mil 150,000 kuwa kilomita 241,000 ne da 'yan kai. Ga kuma masu mayar da lamba baya tun daga Kwatano. Robar fedar birki, fatar sitiyari da gefen kujerar direba sun fi allon gaban mota faɗin gaskiya. Ka kwafi lambar shasi mai harafi da lamba 17 a wayarka, da lambar inji, wadda za ta fara da 271 ko 111. Duk sayayyar da za ka yi nan gaba da su za ka yi ta.

Gwaji na farko kyauta ne, sammako kawai yake so. Motar ta kwana ba a tayar da ita ba. Bayan sallar asuba ka buɗe bonet, ka tsaya ta gaban inji, ka sa wani ya murɗa makulli. Daƙiƙa biyu ko uku na farko su ne abin saurare. Inji mai lafiya zai kama lau. Wanda sarƙarsa ta saki zai yi ƙwarar-ƙwarar daga gaba, sannan ya yi shiru da zarar bakin mai ya hau. Idan sayen motar za ka yi, ka iso ka taɓa bonet ka ji ɗumi, ka ce wa dillali gobe za ka dawo, a bar maka ita a kwance.

Daga nan sai na'urar binciken mota. Soket ɗinta mai ƙafa 16 yana ƙarƙashin sitiyari. Ka nemi mai na'urar Star ta Marsandi, don ƙananan na'urorin hannu inji kaɗai suke gani, ba sa shiga giyabos da birki sosai. Kuma kada ka bari a goge komai kafin ka ɗauki hoton allon. Akwai yaran gareji da ke ganin goge fitilar gargaɗi shi ne gyara. Lambobin da za ka fi cin karo da su: P0016 ko P0017 na nufin kamshaf da karanshaf sun saɓa wa juna, wato maganar sarƙa; P0170 ko P0171 iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya ko fetur ya yi kaɗan; P0300 zuwa P0304 wata silinda ce ke tsallake wuta; P0420 kuwa indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi a cikinta. Ka ce a nuna maka adadin fetur ɗin da kwamfuta ke ƙarawa don cike giɓi. In ya wuce kashi 10 cikin ɗari, akwai inda iska ke sata.

Sai awon matsin silinda, wanda shi zai yanke hukuncin ko motar ta cancanci a zuba mata kuɗi. A ɗumama inji, a cire fulogi huɗun duka, a zare fiyus ɗin famfon mai, a ɗaura geji a rami ɗaya bayan ɗaya ana murɗa makulli kamar sau biyar. Ba girman lambar ne abin dubawa ba kamar kusancinsu: kada ta ƙasa ta gaza ta sama da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Wadda ta faɗi, a zuba mata ƙaramin cokali na bakin mai a sake aunawa. In ta tashi, ringi ne ya cinye. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gaskit. Biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, ka fi zargin gaskit ɗin tof silinda. Idan awon ya nuna ringi, to maganar ƙarin ƙarfi ta mutu a nan. Ko a sauke inji a yi masa aiki, ko a nemi tokumbo, ko a sayar da motar a huta.

Sarƙar inji

Wannan shi ne sanannen ciwon M271. Sarƙar taimin ɗinsa layi ɗaya ce, siririya, tana miƙewa da shekaru, haƙoran giyar kamshaf guda biyu kuma suna cinyewa har su yi tsini. Ranar da sarƙa ta tsallake haƙori, fistin da bawul za su haɗu, kuma wannan haɗuwa ba ta ƙarewa da daɗi. Mota mai ƙarar asuba ko lambar P0016, kada a sake tafiya Zariya da ita sai an buɗe.

Abin da ake canzawa saiti ne: sarƙa, tenshona, robobin da sarƙar ke gudu a kansu, da giyoyin kamshaf biyu. Bakanike zai iya ce maka, “Alhaji, cen ɗin kawai za mu sa, giyar da sauranta.” Ka roƙe shi ya fito da giyar ka gani da idonka. Sabuwar sarƙa a kan cinyayyun haƙora gyaran gangar Auzinawa ne, kafin shekara ta zagayo za ku sake zama. Ka kuma tambaye shi ko yana da ƙarfen da ake kulle kamshaf da shi lokacin ɗaura taimin. In ya ce da ido yake yi, ka yi masa godiya ka nemi wani. Bayan an ɗaura, a juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, a ga alamomi sun dawo mazauninsu, kafin kowa ya taɓa makulli.

Tunda kana wurin, ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. A goshin injin akwai maganaɗisu biyu masu sarrafa kamshaf, kowanne da soket ɗin waya. Zare soket ɗin ka leƙa da tocila. Ya kamata ya bushe ƙarau. In ka ga ya jiƙe da bakin mai, to man yana bin cikin wayar ne a hankali, ta tsakanin zaren tagulla, har ya isa sensar iska, sensar salansa, da kwamfutar inji. Bi sawunsa: zare babban soket ɗin kwamfutar, ka goga farar takarda a ƙafafunsa. Ɗigo ɗaya ya ishe ka shaida. Maganin shi ne sababbin maganaɗisu, da gajeriyar wayar tare mai da Marsandi ta fitar musamman don wannan, sannan a wanke soket-soket da feshin wanke lantarki. Motoci da dama an canza musu kwamfuta da tsada alhali daga nan ciwon ya taso.

Bakin mai kuwa, injin yana cin kusan lita biyar da rabi, kuma 5W-40 mai shaidar MB 229.5 ko 229.3 a jikin galan yake so. Mai kaurin nan 20W-50 da ake ɗura wa kowace tsohuwar mota don ta daina ƙara yana jinkirin hawa da safe, daidai lokacin da tenshona ke jiransa. A ƙurar Kano ni ba na wuce kilomita 5,000 zuwa 7,000 ban yi juye ba, ko me allon mota ya ce. Ka sayi man da kanka a wurin da ka amince, ka duba hatimin murfi, a fasa a gabanka.

Ruwa da zafi

Tambaya ta farko: tamostat yana ciki? Sau da yawa za ka tarar an cire shi tun motar na sabuwar shigowa, an ce na ƙasar sanyi ne. Injin nan an yi shi ya zauna wajen digiri 90. Ba tamostat, da sanyin safiyar hunturu ba zai kai can ba, kwamfuta za ta yi ta ɗura fetur tana zaton bai farka ba, fetur ɗin ya wanke man jikin silinda. Kuma tamostat ɗin Marsandi aiki biyu yake yi: yana buɗe hanyar lagireto, yana rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji. In babu shi, wani ruwan ba ya ma zuwa lagireto. Mayar da shi. Haka fanka: idan rewaya ya haɗa ta kai tsaye tana juyawa tun daga murɗa makulli, a mayar da ita hannun kwamfuta, a gano abin da ya sa aka yi hakan tun farko.

A mota mai irin wannan maleji, famfon ruwa, tamostat, murfin tankin ruwa da duk tiyon da ya kumbura ko ya yi tauri a canza su a zama ɗaya. Ruwan 'yan garuwa da na rijiyar burtsatse suna barin farin gishiri a cikin lagireto, suna cin alminiyom. A zuba ruwan sanyaya inji mai shaidar MB 325.0, rabi da rabi da tataccen ruwa.

Wasu W203 na kafin 2004 sun zo da lagireton Valeo da ke yoyo ta ciki, ruwan inji ya gauraya da man giya. Alamarsa karkarwa da gurnani idan kana tafiya a hankali da ɗan totur. Duba tambarin lagireton. In tsohon ne na asali, canza shi ya fi sayen giyabos araha nesa ba kusa ba.

Aiki na ƙarshe a nan shi ne wanda ya fi kowanne biyan kuɗin sabulu. A cire bamba, a raba lagireton AC, na ruwa da na iska. Abin da ke tsakaninsu zai ba ka mamaki: ƙura ta daskare ta zama laka, da guntun leda, da gashin kaza, da busasshen ganyen darbejiya. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, don injin wankin mota yana lanƙwasa siraran fukafukan. Lagireton iska a ciro shi gaba ɗaya, a tsiyaye man da ya taru a cikinsa, a wanke, a bar shi ya bushe sarai a rana.

Hanyar iska da sufacaja

Filtar iska sabuwa, ta Mann ko Mahle in ka samu ta gaske. A daina kai tsohuwa wurin mai faci yana hura mata iska. Hakan yana buɗe ramukan takardar, ƙurar ta wuce kai tsaye cikin sufacaja. Sensar iska da ke bayan filta ba a wanke ta da fetur, ba a taɓa cikinta da yatsa, feshinta daban ne. In ta mutu a sayi ta kamfani. Na arahar nan suna ba da lissafin ƙarya, mota ta yi ta shan mai.

Kafin a cire bel a ɗauki hoton yadda ya zagaya. Da an cire, kama fulin sufacaja ka juya da hannu. Ya tafi sumul, ba gurza, ba tsayawa. Girgiza shi gefe da gefe; in yana wasa, boris ya tafi. A juya sauran fulolin ma ɗaya bayan ɗaya, musamman na altaneta, wanda ya kamata ya kama ta gefe ɗaya ya saki ta ɗayan. Idan ya daskare, bel zai yi ta rawa yana kashe tenshona, a kuma ɗora wa sufacaja laifin ƙarar.

A M271 sufacajar tana can ƙasa a gefen inji, sai an sauke ta ake yi mata aikin kirki. Da zarar ta fito, a toshe duk bakin da ya buɗe da tsumma mai tsabta. Washa ɗaya ko ƙaramin noti ya faɗa ciki ya isa ya kashe ta, ya wuce ya kashe inji. Leƙa cikinta ka juya. Ɗan goguwar fenti a bakin ƙarafan ba komai ba ne a wannan shekaru. Zurfafan zane a bango, wanda farce ke maƙalewa a ciki, shi ne aikin yashi, kuma ba ya gyaruwa; tokumbo mai lafiya za a nema.

Tana da nata man daban a ɗan akwatin giyoyinta, bai kai rubu'in lita ba, kuma a yawancin motocin nan ba wanda ya taɓa duba shi tun daga Jamus. A kwance ƙaramin notin da makullin alan, a zuƙe tsohon da sirinji da siririn tiyo. Warinsa zai kori yaran gareji, haka yake ko da lafiyarsa ƙalau. Abin lura shi ne yawansa da launinsa: in ya fito baƙi ƙirin, ko ɗan kaɗan, ko da ƙyallin garin ƙarfe, giyoyin sun sha wuya. A zuba man sufacaja na musamman gwargwadon adadin da littafin gyara ya faɗa. Bakin mai ko man giya 90 ba sa maye gurbinsa. A duba ƙofar da ke mayar da iska baya idan ba a taka totur ba, a tabbatar tana rufewa ruf; in tana bari, ƙarfin yana zagayawa ne a banza.

Kada a mayar da ita sai an canza siraran tiyoyin numfashin inji da ke ɓoye a bayanta, da ɗan bawul ɗinsu. Roba ce ta 'yan kuɗi kaɗan, amma ita ce ke tsagewa ta ƙasa inda ido ba ya gani, ta jawo P0171 da rawar inji a tsaye. In garejin na da na'urar hura hayaƙi cikin hanyar iska, a yi gwajin bayan an haɗa komai. Duk inda hayaƙi ya ɓullo, nan ne.

Masu Range Rover Sport, ko mai lita 4.2 na 2005 zuwa 2009 ko 5.0 da ya biyo baya: ƙarar kaca-kaca a tsaye daga hancin sufacaja galibi ɗan abin haɗi ne da ke tsakanin fuli da giyoyi, ana canza shi shi kaɗai. Naku lagireton iskar da ruwa yake aiki, da ƙaramin famfon lantarki. In famfon ya mutu, mota za ta yi ƙarfi da safe ta yi laƙwas da rana. A 5.0 kuma, duk ranar da aka ɗaga sufacaja a canza bututun ruwa na roba da ke ƙarƙashinta.

Wuta, fetur, giya

Fulogi huɗu na NGK ko Bosch daidai da lambar injin. Koyil ba sai an canza duka ba: a musanya wanda ake zargi da na wata silinda, in lambar matsalar ta bi shi, shi ne. Filtar fetur tana ƙarƙashin mota, a canza ta, a auna ƙarfin famfo, a wanke nozul a na'ura.

Marsandi ta rubuta wa injin nan fetur mai oktan 95, wato lambar da ke nuna juriyar fetur ga matsi. Mu kuwa famfo ɗaya ne a gidan mai, ba wanda ya rubuta maka lambar abin da yake zuba maka. Abin da ke ceton injin shi ne sensar da ke jin ƙwanƙwasa ta sa kwamfuta ta ja wuta baya, ƙarfi ya ragu amma fistin ya tsira. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ke neman inda ya fi sauƙi, amma wannan mota ba ta 'yan bumburutu ba ce. Ka tsayar da gidan mai ɗaya ko biyu masu yawan ciniki.

Giyabos mai giya biyar, 722.6, yana da juriya in an ba shi haƙƙinsa. A sauke faranti, a canza filta da gaskit, a zuba mai shaidar MB 236.14, a auna shi da sandar awo ta gareji yana digiri 80, don motar ba ta zo da tata sandar ba. Kada a yi masa wankin matsi da inji. A canza soket ɗin wayarsa mai ƙafa 13, wanda shi ma yake yoyon mai ya bi waya. In mota na maƙalewa a giya ta biyu sai an kashe an tayar, yawanci farantin lantarkin cikinsa ne, ba giyabos ɗin gaba ɗaya ba. A leƙa kujerun inji da robar furofela a wuce.

Ƙafafu ba su da wani sirri: bushin, boljoyin, shokazoba, sannan alainmen. Man birki DOT 4 duk shekara biyu. Taya ka karanta lamba huɗun da ke gefenta; 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma tayar da ta tsufa ba ruwan kwaltar Afrilu da kyan zanenta. Gargaɗi ɗaya ga mai E200 na 2002 zuwa 2006: birkinsa na SBC ne, na lantarki, yana iya matsewa da kansa ko an buɗe ƙofa kawai. Ba a sa hannu a ciki sai an kashe shi da na'ura.

Wajen sayayya, Kofar Ruwa da Sabon Gari za su ba ka mafi yawa, abin da ya gagara a aiko daga Ladipo a Legas. Sarƙa, tenshona, bel, tamostat, famfon ruwa, tiyo da fulogi sababbi kawai. Sufacaja, altaneta, fanka da lagireton iska tokumbo ya wadatar. Ka tafi da tsohon a hannu da lambar shasi, ku yi magana a kan dawowa in bai yi ba, ka sa masa alamar fenti. Da bakanike kuma ku raba kuɗin aiki da kuɗin kaya tun farko, duk abin da aka cire a saka maka a but.

Yanzu maganar ƙari

Ka hau motar kamar kilomita dubu tukuna. Da yawa a nan suke tsayawa, don motar da suka karɓo ba ita suka kai ba. In har yanzu ranka na so, fara da ƙaramar na'urar ELM327 da ake soka wa a soket ɗin nan ta haɗu da waya. Da ita za ka ga zafin iskar da ke shiga inji, da lokacin da kwamfuta ke ja da wuta baya. Rubuta abin da ka gani da safe da kuma ƙarfe biyun rana a hanya ɗaya. Wannan shi ne ma'auninka. Ba shi, duk abin da aka ɗaura maka sai dai ka yi ta ji a jikinka.

Tayoyi masu kyau da birki mai kyau su ne ƙari na farko. Na biyu, babban lagireton iska, wanda a Kano ya fi komai amfani, domin iska mai sanyi na hana kwamfuta janye ƙarfin da kake da shi. Filtar nan mai siffar mazurari da samari ke so, ƙara kawai take bayarwa. Tana zuƙar iskar cikin bonet mai zafi, man da ake shafa mata kuma yana ɓata sensa. Bar akwatin asali. Indomi in ya toshe mota za ta shaƙe a sama, sai a sa wani. Fasa mai lafiya ba ya ƙara abin kirki sai wari da fitila a allo, kuma ka san ana sayensa da tsada saboda ƙarafa masu daraja da ke ciki, don haka duk mai matsa maka a cire, ka tambayi inda tsohon zai kwana.

Fuli shi ne na ƙarshe. Ana rage na sufacaja ko a ƙara girman na karanshaf, duk don ta juya da sauri. Rage faɗinsa da kashi 10 cikin ɗari na sa ta ƙara gudu da kusan kashi 11. Iska za ta ƙaru, zafinta ma haka, ita kanta sufacajar za ta ƙara cin ƙarfin inji, boris ɗin da ya yi shekara ashirin kuma zai ɗauki kayan da bai saba ba. A fetur ɗinmu da zafinmu, ra'ayina shi ne mafi ƙanƙantar canji, ko a haƙura. In za a yi, sai da gyaran manhajar kwamfuta daga wanda zai ajiye maka ta asali a filashi, ya kuma yi saitin a kan man da kake sha, ba fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet don fetur ɗin Turai ba. A duba bel, ko tsawonsa na buƙatar canji, a kuma sa geji mai nuna matsin iska. Ko an yi komai daidai, 'yan dawakai kaɗan za ka samu. C200 ba za ta zama AMG, wato Marsandi mai ƙarfin tsere, ba.

Gwajin a yi shi a kan baifas da sassafe, da mutum a gefe riƙe da waya, ba a Zoo Road cikin 'yan adaidaita ba. A giya ta uku, taka a hankali har ƙasa, ka saki, ku duba lambobi. Sai a maimaita da rana tsaka da AC a kunne, don nan ne gaskiyar take. In zafin iskar ya haura abin da ka rubuta a baya sosai, ko kwamfuta na ta ja da wuta, ko ka ji ƙas-ƙas daga inji lokacin da ka taka, ɗaga ƙafa nan take. A mayar da tsohon fuli da tsohuwar manhaja a ranar, shi ya sa ba a sayar da su ba a bar wa yaran gareji. In komai ya zauna daidai, a ciro fulogi bayan kilomita 500 a duba bakinsu: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne, fari fat kuwa fetur ya yi kaɗan, a koma wurin mai saiti kafin a sake taka ta da ƙarfi.